Dala Biyar a Cikin Injin Alewa

Jiya na buɗe tsohon injin alewar da na sayo a kasuwar tsofaffin kaya ta garin Villeurbanne, nan Faransa. Kun san cutata, tara injinan nan masu haɗiye kwabo su tofo alewa.

Sai ga dala biyar-biyar na sefa, kuɗinmu na gida, sun zubo tare da tsofaffin kuɗin Faransa. Dama mai sayarwar ya ce daga wani gidan leburori na Lyon aka ciro shi kafin a rushe.

Na kira kawuna da ke garin Stains a waya, don a gidan leburorin nan ya zauna yana saurayi.

Da na gaya masa abin da na gani, sai ya ce:

"Ɗiyata, mun san sefa ba ta fid da alewa. Ranar da mutum ya fid da rai da komawa gida, sai ya jefa canjin da ya zo da shi."

"Kawu, kai fa?"

"Duba ko akwai mai huji. Innarmu ce ta rataya mini ita."

Mai hujin tana tafin hannuna, amma na ce masa ban gani ba.

Jama'a, na kyauta kuwa?