Rumbun da Annasara Ya Leƙa

A tsakiyar farin nan da ya cinye shanun Kurfai ne wasu mutane suka ga ƙasarmu ta yi musu kyau. Annasarawa ne masu aiki a Yamai, irin waɗanda suka zo bayan mun sami mulkin kai da sunan taimako. Sun gano cewa in ka wuce Balayara ka miƙe arewa, akwai jan dutse a gefen kwarin Dallol, akwai gawo, akwai shiru. Sai kowannensu ya shiga neman gidan da zai riƙa zuwa shan iska lokacin sanyi. Shirun da suke yabo na garken da ya mutu ne, amma ba wanda ya gaya musu.

Ina koyarwa a makarantar Filinge a lokacin. Shugaban makarantarmu ya haɗa ni da wani Annasara da matarsa, ya ce in raka su in yi musu tafinta. Mun sha yawo. Wannan gida ya yi kusa da kasuwa, wancan rufin kwano gare shi, ba irin na mutanen da ba. Matar tana son gidan da zamani bai taɓa ba, amma kada ƙuda ya shiga. Da muka biyo ta ƙauyenmu na ce a tsaya in gaida iyayena. Kafin in gama gaisuwa sun zaga gidanmu, sun ga gawon ƙofar gida da dutsen da ke bayansa, sun ce sun samu, shi suke so a sayar musu.

Na ɗauka babana zai yi dariya. Bai yi ba. Bakuna sun yi masa yawa: iyayenmu mata, ƙannena, da 'yan'uwan da suka gudo daga wajen Abala suka raɓe a zaure. Ya ce su dawo, zai yi shawara. A idonsa na ga ya riga ya fara lissafin kwashe mu zuwa gidan haya a gari, abin ya tsaya mini a rai.

A gidanmu akwai babban rumbu na laka, wanda aka liƙe bakinsa tun shekarun wadata. A wajenmu ba mai leƙa rumbu sai maigida. Matarsa ba ta san abin da ke ciki ba, ɗansa bai sani ba, balle baƙo. Kullum aka yi kukan yunwa sai babana ya ce ai ba a kai ga buɗe babban ba tukuna. Da wannan magana ake cin anza da tafasa ana haƙuri, da ita kuma samarin gidan suka fasa tafiya kudu.

Ranar da Annasarawan suka dawo, gidan cike yake da mutane. Matar ta tsaya gaban rumbun tana shafa shi, tana gaya wa mijinta cewa in aka fasa masa ƙofa da taga zai yi ɗakin baƙi. Kafin in buɗe baki mutumin ya ja tsani ya hau, ya ture jinkar, ya ɓalle murfin, ya cusa kansa ciki ya yi kira. Rumbun ya amsa masa. Ba sai ka je makaranta ba za ka san cikakken rumbu ba ya amsa kira. Innata ta bar dakan da take yi. Shi kuwa ya sauko yana kakkaɓe hannu yana murna, wai babu komai a ciki, aiki ya yi sauƙi.

Ban taɓa ganin babana ya tsufa ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce mini, "Ɗiyata, hwaɗa musu su ɗauka. Mi yar rage a ɓoye?"

Na juya ga Annasarawan. Da Faransancin da aka koya mini da bulala na ce musu, "Mahaifina ya ce gidansa ba na sayarwa ba ne, ba na haya ba ne. Ya ce ku fita."

Na san sarai babana ya ji ni. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙi, tun da ya dawo ne kawai ya ƙi sake ɗora yaren a harshensa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta ƙaryata ni a gaban kowa. Matar ta dube shi, ta tambaye shi ko da gaske ne. Na ƙi sunkuyar da kai.

Babana ya ɗago. Ya miƙe tsaye irin tsayuwar da ban san yana da ita ba, ya ce mata da Faransanci tsaf, "Kin ji abin da aka gaya miki."

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Kafin damina ƙannena biyu sun tafi kudu, ɗaya bai dawo ba har yau. Mun ci jar dawar taimako wadda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki, albashina kuma ba ya kai tsakiyar wata. Akwai 'yan'uwan da har gobe suke cewa girman kaina ne ya ja mana, da an sayar da an huta. In suka faɗa ba na musu da su, na san yunwar da suka sha, ni ma na sha ta. Sai dai in tambaye su wa ya ga babanmu tsaye a wannan shekarar in ba ranar ba.