Gonar 'Yan Latti

"Kai, Malam, makarantar nan taku ta ciri tuta!"

Abin da baƙuwarmu ta ce ke nan jiya da safe, tana tsaye a bakin gonar makarantarmu a nan Tudun Wada. Wata Hajiya ce mai bincike, tana zagaya makarantun sakandare don ta gano ko yara na karɓar darasin noma. Ni ne malamin darasin.

Gonar kuwa cike take da ɗalibai, kowa da fartanya, sun duƙufa a cikin masara. Shugaban makaranta na gefe, sai washe baki yake yi.

Na daɗe ina rigima da shi a kan gonar nan, don haka na ce, "Hajiya, ki ɗan tambayi ɗaya daga cikinsu mana."

Ya harare ni. Na kalli sama.

Ta kira wata ɗaliba. "'Yata, me ya ja ra'ayinki zuwa noma?"

"Cunkoson motoci ne a mahaɗar Kwangila, Hajiya. Kekenmu ya maƙale, na yi latti."

"Sauran fa?"

"Duk 'yan latti ne. Waɗancan na wajen tumatir kuma surutu suka yi a aji."

Hajiya ta juya ta dubi shugaba, nan take tari ya sarƙe shi. Har yanzu bai amsa gaisuwata ba.

Mun mayar da gona gidan yari, sannan muna mamakin yara na gudun noma. Ku a makarantarku, wa ake turawa gona, mai so ko mai laifi?