Ranar da Na Ce a Ƙirgo Mini Shanu

Ni malamin Ingilishi ne a kwalejin Cadakori, kuma ba zan yi kara ba, na iya aikina. A ƙasarmu Faransanci ne harshen lakol, wato makaranta, da na buro, wato ofisoshin gwamnati. Ingilishi kuwa sai yaro ya shigo kwaleji yake fara jin ƙamshinsa, don haka duk abin da ɗalibi ya tafi da shi na wannan harshe, daga hannuna ya fito.

Cikin darussan ajin ƙarshe, masu zana jarrabawar birbe ta gama kwaleji, akwai ɗaya da nake ji da shi. Shi ne yadda ake ambaton abu a dunƙule, sannan a ciro wani kaso daga cikinsa ba tare da an yanke jimla ba. Da Hausa sai ka ce kawuna yana da awaki goma, waɗanda uku daga cikinsu baƙaƙe ne. Da Ingilishi a nan "three of which" ke shigowa, in kuwa mutane ne a ce "three of whom". Littafin da aka ba mu da jiragen ƙasa da dogayen benaye yake misali, abubuwan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Sai na ture shi gefe, na ce kowa ya yi misali da abin gidansu. Dabarar ta ci, har malamai daga Gidan Rumji suka zo suka zauna a bayan ajina suna rubutawa. Kaina ya kumbura, ba na musu.

A shekarar da nake ba da labari, wadda ta fi kowa a ajin wata yarinya ce Bafillatana, daga wata ruga a hanyar Gidan Sori. Da ƙafa take zuwa, ko a amalanke in ta dace. Ba ta da surutu, amma in ta buɗe baki da Ingilishi sai in ji kamar in miƙa mata alli in nemi benci in zauna. Ita nake sa ran za ta fitar da ni kunya a jarrabawa.

Wata Talata na ba su aiki a aji. Na ce kowa ya rubuta abin da mahaifinsa ya mallaka, ya faɗi adadi, ya kasa shi kashi-kashi cikin jimla biyar. 'Ya'yan manoma suka duƙufa. Wannan dammunan gero, wancan buhunan wake, har da mai ƙara wa babansa jakunan da duk gari ya san ba shi da su. Da na karɓi takardu, sai na ga tata fara fat.

Na ce, "Ke, ina aikin?"

Ta ce, "Mushe, ba ni iyawa." Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a nan, daga Faransanci aka aro shi.

"Ke ce ba ki iyawa? Shanu nawa ke ga babanki?"

Ta sunkuyar da kai. Ni mutum ne mai saurin hawa, matata ma ta gaji da faɗa mini. Na ɗauka yabon da nake yi mata ne ya sa ta fara raina ni. Na ce, "Ko shanun naku sun hi ƙarhin lissahi?" Aji ya kwashe da dariya. Na zana mata sifili da jan biro, na ce ta je ta tambayo shi, gobe in ba ta zo da adadin a rubuce ba kada ta shigo mini aji.

Ba ta shigo ba. Kwana ɗaya, biyu, har mako ya zagayo, ga jarrabawa saura wata biyu.

Akwai wata tsohuwa Bafillatana da ke sayar da fura da nono a bakin ƙofar makaranta, kullum wurinta nake sha. Ran nan ta dama mini ba tare da wasan da muka saba ba, ta miƙo ƙwarya, ta ce, "Mushe, kai da karatunka duka, ba ka san ba a ƙilga shanu ba?"

Ita ta warware mini. Makiyayi ba ya ƙirga garkensa, ba ya kuma faɗin adadinsa, don a wurinsu yin haka kiran asara ne da jawo bakin mutane. Ɗiya ta dubi mahaifinta ta tambaye shi shanunsa nawa, wannan rashin kunya ne da ba a ma tunaninsa. Yarinyar ba ta tambaya ba. Labari dai ya kai ruga ta bakin 'yan ajin, cewa lakol na neman adadin shanun mahaifinta a takarda. Shi kuwa ya san takarda ba ta tsayawa inda aka rubuta ta, daga aji sai buro. Ya ce ta gama karatu ke nan.

Furar nan ban iya shanye ta ba. A Gidan Rumji aka haife ni, kakana fatauci ya kawo shi daga wajen Katsina, a gidanmu har kaji ƙirga su ake yi da yamma. Tun ina yaro nake shan nonon mutanen nan, ban taɓa tambayar yadda suke zaune da dabbobinsu ba. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tsoro, don in yarinyar nan ta bar karatu, ni na kore ta da bakina.

Ranar Asabar da hantsi na hau babur na nufi rugar. Na iske mahaifinta a bakin rijiya yana shayar da shanu, dogon dattijo da sanda a kafaɗa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, bai nuna ya san abin da ya kawo ni ba. Ni da na saba tsayawa gaban mutum sittin ina magana, sai ga ni gaban mutum ɗaya ina neman afuwa. Na tsuguna na ce, "Baba, kuskure na yi. Ba wanda ya aiko ni, ba buro ba, ba kowa ba. Rashin sani ne nawa." Na ciro farar takardar nan mai sifili na miƙa masa, na ce ya gani da idonsa, ɗiyarsa ko ɗigo ba ta rubuta ba.

Ya juya takardar, ya daɗe yana kallon jan zanen. Ni kuma da shegen son tambaya, na kasa haƙuri. Na ce, "Amma Baba, in ba ka ƙilga su, ƙaƙa kake gane guda ta ɓace?"

Ya ce, "Mushe, kana da ɗiya?"

Na ce ina da su.

"In guda bai kwana gida ba, sai ka ƙilga kake sani?"

Daga nan ya shiga nuna mini su da bakin sanda. Wannan uwarta ta mutu shekarar fari, waccan ba ta shan ruwa sai kowa ya gama, jar can ta matarsa ce. Na roƙe shi ya bar yarinyar ta dawo. Ya ce zai duba.

Litinin da safe ina cikin aji sai ga su, ita a gaba, shi a baya da sandarsa. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin taga. A gaban ajin da na kunyata ta na ba ta haƙuri, kuma da ƙarfi na faɗa, don na baya su ji. Ba wanda ya yi dariya. Sannan na miƙa mata alli, na ce ta rubuta abin da ta ga dama a kan garkensu.

Jimla biyar ta rubuta a allo, ta juyo ta karanta. Mahaifina yana da shanu, waɗanda yawancinsu farare ne. Yana da maruƙa, waɗanda wasunsu ni na raine su. Haka ta bi da "most of which" da "some of which" har ƙarshe, kuma na nemi kuskure na rasa. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba, har na juya ina share gefen allon da ba komai a kansa don kada yara su ga idona.

Dattijon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya yafuto ni da hannu, na je bakin taga.

Ya ce, "Ta hwaɗi ko nawa ne?"

Na ce, "Ba ta hwaɗi ba, Baba."

Ya leƙa ya dubi ɗiyarsa tsaye gaban allo da alli a hannu. Ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ce, "To, ta zamna."