Aiken da Ban Yanke Ba

Ranar kasuwar Matankari ce, damina ta biyu bayan Nasara sun bar mulki, ina 'yar shekara tara. Mazan gidanmu sun tafi kasuwa, Baba kaɗai ya tsaya maimai a gona. Inna ta aza mini ƙwaryar fura, ta jera mini aike uku: in kai wa Baba fura, in wuce gidan Goggo in karɓo daddawa, in koro awakinmu daga bakin tafki. Har na kai ƙofa ta ƙara: "In kin iske rigima bisa iyakar gona, aje komi ki komo, in kira kawunki."

Na iske ta kuwa. Arzika, ɗan wan Baba, da 'ya'yansa biyu sun tumɓuke gambar da ta raba gonakinmu. Baba ya duƙa zai mayar, Arzika ya sauke masa ƙotar gatari a ƙeya. Ya faɗi, suka bi shi da sanduna, a haƙarƙari, a baki, har jini ya fantsama bisa ganyen hatsi. Da suka tafi na matsa. Yana numfashi, idonsa ɗaya a buɗe. Na aje furar kusa da hannunsa.

Sai na wuce gidan Goggo. Allah ya gani, abin da na yi ke nan. A gidanmu yaron da ya dawo da rabin aike bulalar geza ce rabonsa, tsoronta ya shafe maganar da Inna ta yi mini bakin ƙofa. Na karɓi daddawa ban ce uffan ba, na bi awaki ɗaya ɗaya. Kafin in komo gida in gaya wa Inna rana ta karkata. Da jakin Kawu ya isa gona, Baba ya riga ya cika.

Mijina ya rasu bara ban taɓa gaya masa ba. Jikata Hadiza, wadda ke rubuta mini wannan, aikinta tsara wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni a Yamai. Ta ce cikin kowane aikin da suke ba na'urar akwai kalmar komowa. Da na'urar ta iso kan wannan kalma sai ta tsaya cak, ta miƙa wa wanda ya aike ta abin da ta samo, layukan umarnin da ke ƙasa ko kallonsu ba ta yi. "Ko saura goma, Kaka, barinsu take."

Na yi kuka har Hadiza ta aje biro. Ƙarfe bai san bulala ba, shi ya sa yake komowa kan lokaci.