Yatsan Katse

Shekara goma sha tara yana aiki a gidan rediyon, ba a taɓa jin muryarsa ba. Aikinsa zama bayan gilashi lokacin shirin kiran waya, yatsa bisa jan maɓalli. Maganar mai kira takan yi daƙiƙa bakwai kafin ta fita duniya; da ya ji an doshi sukar wani babba, sai ya danna ya katse maganar. Shi ya sa abokan aiki ke ce masa Katse. Matsoraci ne na gaske, ko tarin manaja ya jiyo sai ya gyara zama.

Wata Talata wani ya kira ya ce masu tura ruwa a kura daga kwata suke ɗiba, su suka kawo amai da gudawa. Katse yana ji, yatsan bai motsa ba, ai ba a taɓa manya ba. Sai da aka tafi talla ya tuna yayansa kura yake turawa.

Kafin mako ya fita an far wa masu ruwa, an farfasa jarkoki ba iyaka, an karya wa yayan hannu. Ƙungiyar masu ruwa ta ɗauki lauya, lauya ya nemi sautin shirin.

"Goge shi," in ji manaja. "Na'ura ce ta samu matsala, ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya goge, manaja na tsaye a kansa. Sai dai tun da safe ya tura kwafi cikin wayarsa, ita kuwa ta hana shi sakat. 'Ya'ya biyar gare shi, kuma ban da dannan nan bai iya komai ba.

Kwana uku yana jan ƙafa kafin ya je gidan yayan. Ya same shi a tabarma, hannu rataye a wuya, ya kunna masa. Yayan ya saurara har ƙarshe.

"Kana wajen?"

"Ina wajen, Yaya."

Yayan ya ajiye wayar a tabarma.

"Lauya ya ce sauti kaɗai ba ya isa. Sai wanda ya naɗa ya tsaya gaban alƙali ya rantse." Ya tura masa wayar da hannunsa mai lafiya. "Kana da iyali. Ɗauki abinka, ba wanda zai ji ka zo."

Katse ya dubi wayar. Bai ɗauka ba.

"Wace rana ce zaman kotun?"