Nelida da Gwajin Ranar Asabar

Jikata Nelida Apaza ta iya karatu tun kafin a sa ta makaranta. A jikin buhunan taki ta koya, tana tare duk wanda ya zo wucewa da tambaya. Ubanta yana can wajen haƙar ma'adinai, uwarta tana sayar da cuku a kasuwar garin Ilave, saboda haka a hannuna ta tashi, tsakanin tumaki da gonar dankali. Ba ta da yawan magana.

Tana aji biyar aka zaɓe ta cikin ajin Asabar a birnin Puno, inda ake tara yaran ƙauyuka masu kaifin ƙwaƙwalwa. Su biyu aka ɗauka a ƙauyenmu, ita da Wilber, ɗan maƙwabtanmu. Ni nake raka su a mota, in zauna a bakin ƙofa har a tashi. Abin da take dawowa da shi ko rabinsa ba na ganewa. Wata rana sun auna tsayin hasumiyar coci da inuwarta. Wata rana kuma sun leƙa ɗigon ruwan tafki a madubin likita, ta dawo ta ƙi shan ruwa sai an tafasa. Na ce, "To likita, mu da muka tsufa muna shansa fa?" Ta ce, "Ai shi ya sa haƙoranka suka gudu, Kaka."

A wajenmu, in ka gama layinka a gona ba ka zama. Sai ka juya ka kama wa na kusa da kai, shi ma ran aikinka ya zo maka. Ayni muke kiran wannan gayya. Yaron da ya gama ya riƙe ƙugu yana kallon mutane, iyayensa ake zagi. A kan haka na raini Nelida.

Wata Asabar malamarsu, Malama Zoraida, ta kira ni ciki. Ta ce Nelida tana riga kowa gama lissafi, sai ta ja kujera wajen Wilber ta kama masa. An hana ta, ta sake. A gwajin da ya wuce amsoshinsu sun zo iri ɗaya, masu shirya ajin kuwa satar amsa suke kiran wannan, hukuncinta kora. Na cire hula, na yi mata bayanin ayni da ɗan Sifaniyancin da nake ji. Ta saurare ni sosai, amma ta ce ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Iyakar abin da ta roƙo wa yaran shi ne a sake gwada su, kowa a teburinsa. In Nelida ta ko matsa wajensa, ta bar ajin ke nan.

Makon nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ta wannan aji ake samun gurbin makarantar kwana ta birni, ban kuwa san wata ƙofar ba. Muna kiwo na daure na ce wa Nelida ran Asabar in ta gama nata ta zauna.

Ta ce, "Ko da Wilber ya maƙale?"

Na ce ko da ya maƙale.

"To a gona fa, Kaka?"

Na ce gona daban. Ta dube ni kawai, ta kora tumaki gaba.

Ranar gwajin na tsaya jikin taga. Nelida ta gama da wuri, ta ajiye fensir. Wilber yana ta gogewa yana sake rubutawa har takardar ta huje, yana satar kallonta. Na ga ƙafarta ta fito daga ƙarƙashin tebur, kujerar ta ɗan yi ƙara. Sai ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kansu, ta sunkuyar da kai har aka kaɗa ƙararrawa.

An bar Nelida a ajin. Wilber kuwa bai ci gwajin ba, aka mayar da shi makarantar ƙauye. A motar komawa ya zauna can baya, fuskarsa a taga. Mun kusa sauka Nelida ta matso, ta tambaye ni a hankali ko mutanen gidan su Wilber za su zo mana tonon dankali bana. Na ce ban sani ba. Ganyen dankalin ya riga ya fara bushewa, ni kuma bayana ba ya ɗaukar buhu yanzu.