Fuskokin da Na Shafe da Tawada

Yarinyar 'yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, a nan ma ba zan kira ba. Da in'ina ta fara magana. Kalma ɗaya sai ta tsaya mata a maƙogwaro, ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa, kafin ta fito mai sauraro ya gaji ya ƙarasa mata. Da ta kai shekara bakwai sai ta daina wahalar da kanta. In tana son ruwa ta nuna randa. In an tambaye ta wa ya doke ta, ta sunkuyar da kai. Mun yi rubutun sha, mun yi maganin gargajiya, shiru. Ni kuwa tunanina ɗaya ne: yarinyar da ba za ta iya buɗe baki ta ce an cuce ta ba, yaya za ta yi ranar da ba na kusa?

Muna Rurum Tsohon Gari lokacin, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, wa'azi ko'ina, a rediyo da lasifikar masallaci da gidan suna. Maigidana direban bas ne, Rano zuwa Kano. Ina toya ƙosai da safe a cikin gida, shi kuma yana sayo min ƙunshin tsofaffin takardu a birni don naɗe wa masu saye. Yawanci jaridu ne. Wata rana a tsakiyar ƙunshin sai ga wani littafi ba bango, zane ne tun daga fari har ƙarshe, an yanka kowane shafi gida-gida, maganar mutanen tana fitowa daga bakinsu cikin wani farin ƙullutu. Turanci ne. A aji huɗu na bar makaranta, ban tsinci komai ba. Na ajiye shi gefen murhu zan yayyaga, yarinyar ta ɗauke.

Jarumai bakwai ne a ciki, maza biyar, mata biyu. Duk shuɗin kaya iri ɗaya suka sa, matsattse, kamar masu ankon biki, jikinsu ma kusan ɗaya, duk murɗaɗɗu. In ba ta fuska ba, ba ka bambance su. Wani mai gemu, wani mai tabo a kunci, wani kullum yana murmushi ko da gini yana faɗo masa, wani tsoho mai sanƙo, mace ɗaya mai haɗe gira.

Na duba littafin nan da kyau, ni ma. Abin da na fara lura da shi, kafin su je wurin abokin gabarsu sai da suka cinye rabin littafin suna dukan junansu. Maigidana ya yi dariya ya ce, “Ai 'yan tasharmu ne. Sai an gama zage-zage sannan a taru a tura mota.” Sun rushe gidajen mutane, ban ga inda suka dawo suka gyara ba. Ba mai cin abinci a cikinsu, ba mai salla, ba wanda uwarsa ta leƙo ta ce ya dawo gida. Wani shafin kuma sun cushe wuri ɗaya, hannun wannan a wuyan wancan, sai ka rasa ƙafar wa kake gani. Inna, uwar mijina, ta karɓa ta nisanta shi da idonta ta ce, “Wannan matar gobara aka yi a gidansu ne? Ko ɗan zane ba ta tsira da shi ba.”

Amma akwai abin da ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya iya komai shi kaɗai. Mai ƙarfin ba ya gani nesa, mai gani nesan ba ya iya ɗaga komai. Tsohon mai sanƙo ko naushi ɗaya bai kai ba a duk littafin, amma in ya ɗaga yatsa kowa sai ya juyo. Kamar gayya a gona, har mai kawo ruwan sha yana da ranarsa.

Kwana huɗu bayan nan ina tsince wake, sai na ji magana a bayan rumbu. Murya ce mai kauri. “Kai mai gemu, ɗaga min dutsen nan!” Sai wata siririya ta amsa, “Kai ba ka da hannu ne? Kullum ni!” Sai ta mace, da tsawa, “Ku yi mana shiru, ga shi can yana zuwa!” Na leƙa. Ita kaɗai ce, littafin a cinyarta, yatsanta yana tafiya daga fuska zuwa fuska. Kowace fuska da muryarta. In girar ta haɗe ta yi faɗa, in bakin ya buɗe ta yi ihu. Ba tuntuɓe ko ɗaya. Tun da na haife ta ban taɓa jin ta jera kalma goma ba sai ranar. Ga barkwanci, ga baƙar magana, ashe duk tana da su.

Da a ce jarumin ɗaya ne, ina jin da ba ta samu abin cewa ba. Yawansu ne ya ba ta hira, dole wannan ya ce, wancan ya mayar.

Ban yi mata magana ba. Kunyar 'yar fari ba ta bar ni in zauna kusa da ita in ce ta ƙara ba. Sai dai kullum bayan la'asar in ɗauki aikina in koma kusa da rumbu, in juya mata baya. Mun yi wajen wata biyu a haka. Har ta fara fito da muryoyin zuwa tsakar gida. Ran nan ta ce wa ƙanenta da muryar tsohon mai sanƙo, “Sauka daga kan turmin nan,” tas, ba gargada.

Sai wata maƙwabciyarmu ta shigo sayen ƙosai, mace mai zuwa Islamiyyar matan aure. Ta ji muryar, ta ga littafin, ta dafa ƙirji.

“Ke! Yarinya mai in'ina tana magana da muryar ƙato, kina zaune kina kallo? Kin tabbata ita ce ke maganar?”

Na ce, “Wasa take yi.”

“Wasa? Gida cike da hotuna, ta ina mala'iku za su shigo miki? In ba su shigo ba kin san masu shigowa. Mu dai an karantar da mu, hoto kai ne. In an cire kan, ya zama kamar itace.”

Ta tafi da ƙosanta, ta bar ni da maganar. Kwana uku ina juya ta. Muryar da nake jin daɗinta ta koma tana ba ni tsoro. Na kasa ƙona littafin, na kuma kasa barinsa. Sai na ga kamar na samo dabara: in bar mata littafinta, in cire kawunan kawai. Wallahi a raina taimakonta nake yi. Ban tambayi kowa ba, ko maigidana.

Da safe ta tafi firamare. Na ɗauko kurtun tawadarta ta makarantar allo, na naɗa auduga a tsinke, na bi shafi-shafi ina ɗiga baƙi a kan kowace fuska. Har shanya shafukan na yi a rana ɗaya bayan ɗaya su bushe, don kada su manne mata.

Ta dawo, ta ci abinci, ta ɗauki littafin ta nufi bayan rumbu. Na ɗauki wakena na bi ta. Shiru. Na jira, shiru. Can sai ga ta a gabana, ta buɗe shafin da suka taru su bakwai, shuɗin jiki bakwai, baƙin ɗigo bakwai. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

“U-u-umma, w-w-w…”

Ta buga ƙafa. Na san abin da take son tambaya, wane ne wannan. Na duba, ni ma ban sani ba. Na ce, “Mai gemun ne mana.” Ta girgiza kai. Na ce, “To mai tabon.” Ta daɗe tana kallona, ba ta yi kuka ba, ta rufe littafin ta ajiye min a kan faifan wake.

Washegari kawun maigidana ya zo gaishe da Inna. Malami ne, yana da makaranta a Kibiya. Daga bayan labule na gaishe shi, na faɗa masa abin da na yi, ina sa ran ya ce na kyauta. Sai ya ce, “'Yata, abin wasan yara ai malamai da yawa sun yi sauƙi a kansa. Kuma aljani ba ya buƙatar littafi kafin ya yi magana. Mai in'ina in ya ari muryar wani harshensa kan saku, ina da ɗalibai irin haka. Me ya hana ki aiko a tambaye ni?”

Sai wani tunani ya faɗo min, har na ji sanyi: ai tawadar allo wankuwa take yi. Kullum ana wanke ta, allo ya koma fes. Malamin yana fita na jiƙa tsumma, na kira yarinyar, karo na farko da na ce mata zo ki zauna kusa da ni. Na ce, “Tsaya ki gani, yanzu za su dawo.” Ta matso har kafaɗarta tana taɓa tawa. Na goga a hankali a kan na farko. Baƙin ya bazu ya ɓata na kusa da shi. Na ƙara ruwa, na ƙara gogawa, takardar ta yi laushi ta naɗe a ƙarƙashin tsumman, ta taho da tawadar da fuskar gaba ɗaya. Ta ramin ina hango zanen jikina.

Na kai hannu kan na biyu, sai ta riƙe min wuyan hannu da hannayenta duka biyu. Ta buɗe baki, ta runtse ido. Wannan karon ban ƙarasa mata ba, na jira. Ta daɗe ƙwarai kafin ta fito.

“B-b-bar su.”

Maigidana ya yi ta duba ƙunshin takardu a birni, bai sake samun irin littafin ba. Shekararta goma sha ɗaya yanzu. Tana magana in ta zama dole, da muryarta ita kaɗai, kuma har yau sai ta buga ƙafa.